Wane kamshaf zan sa wa MGB ɗin Baba?

Salam 'yan uwa, shawara nake nema. MGB ce, tsohuwar motar kamfanin MG na Ingila, ta marigayi Baba ƙirar 1972, ta daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfa, yanzu mun sauke injin mun buɗe sai muka tarar kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ya cinye, ƙusumbi biyu sun kusa shafewa. Tunda dai sai na yi oda daga Ingila na ce ko in sa mai ƙara wa injin ƙarfi kawai, na ga kamfanin Piper suna da lamba 270 da 285. Kafireta biyun nan ƙirar kamfanin SU na asali ne. Yawon Asabar ne kawai cikin Kaduna, wataran Zariya.

Tsohon bakanike: Wslm, Allah ya jiƙan Baba. Ɗana ɗauki 270 ka huta. Lambar nan tsawon lokacin da bawul yake zama a buɗe ne, in ta yi yawa ƙarfin sai ya koma can sama sai ka matse totur, a ƙasa kuma motar ta zama raguwa, silo yana rawa kamar mai zazzaɓi, kai kuma gosulon Kawo za ka shiga ba filin tsere ba. Injin 1800 ɗin nan tun asali a ƙasa-ƙasa yake da daɗi.

Wani memba: Ni 285 nake so wlh, ƙarar kaɗai ta isa a biya kuɗi.

Tsohon bakanike: Ƙara ba gudu ba ce yaro. Top silindar motar ƙofar shigar iska biyu ce kacal wa silinda huɗu, in ba a gyara ta ba kamshaf ya buɗe ƙofa ne iska ta ƙi shigowa.

Mai Datsun: Yallaɓai ko wanne ka saya kar ka kuskura ka mayar da tsoffin tafet, wato ƙarafan da ƙusumbin kamshaf ke gogawa, na taɓa yin wannan rowar, wata biyu sabon kamshaf ya tashi aiki. Sabbin tafet, a shafa musu man haɗi, baƙin mai 20W-50 mai zinc, ranar tayarwa ta farko a riƙe ta wajen 2000 zuwa 2500 minti 20, kar a bar ta a silo. Sannan duba, ta Amurka ce? Daga 1972 an rage musu kwamfureshin zuwa 8:1, irin su 285 ba sa jituwa da shi.

Mai tambaya: Sitiyarin dama ce, ta Ingila. To 270 ɗin, Baba bakanike sifirin bawul fa, su ma a canza?

Tsohon bakanike: Canza, shekararsu hamsin da ɗoriya suna aiki.