Ruwan teku ya shiga wayata a Elmina, hotuna sun maƙale a ciki

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin waya ku taimaka.

Daga Kumasi muka je yawon buɗe ido Cape Coast da Elmina a gaɓar tekun Ghana. Na ɗauki hotuna da bidiyo masu yawa: gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ɗakunan ƙasa masu duhu inda ake tsare bayi a da, ganuwar St. Jago a kan tudu, da jiragen masunta masu fenti da tutoci cunkushe a bakin tafkin Benya. A bayan gidan bayin ne igiyar ruwa ta doke ni har ƙugu, wayar na cikin aljihu.

Nan take na kashe ta, na cire sim, na goge, na binne ta a cikin shinkafa (dabarar da kowa ke yabo, ban ga amfaninta ba). Yanzu in na jona caja sai ta yi ɗumi ta gefen kyamara, tambarin kamfani ya fito ya ɓace, shi ke nan. Bakin cajin ya yi tsatsa kore-kore. Wani mai gyara ya wanke ta da sipirit ya sauya bakin, ba ta tashi ba. Kwamfuta ma ba ta ganinta. Android ce, ba memori a ciki, kuma hotunan ba su hau Google Photos ba saboda data a kashe take.

Wayar ba ta dame ni ba, hotunan nake so. Akwai hanyar ciro su daga wayar da ruwan gishiri ya ci har ta ƙi kunnuwa?