Musayar Waƙa: Masu Cin Murjani a Ƙarƙashin Teku

Baba Masunci, daga Guri:

Da sunan Allah zan jefa tambaya,
Masu karatu, ku matso da amsawa.
Tarwaɗa, karfasa, har da gaiwa,
Na san abin da kowanne ke haɗiyewa.
An ce a teku akwai mai cin dutse,
Dutsen murjani yake ta taunawa.
Wane irin haƙori ne wannan, yarana?
Ku faɗa mini gaskiya, ban da ƙarawa.

Malamin Firamare, daga Ringim:

Allah ya ja kwana, Baba, ga amsa,
Murjanin nan rai gare shi, ba ya motsawa.
Ƙananan halittu ne dubbai a manne,
Gidan farar ƙasa suke ta ginawa.
Kifin aku ne wanda ka ji labari,
Haƙoransa sun haɗe, sai kankarewa.
Gansakuka yake bi a jikin dutsen,
Ya gatsa har da murjanin wajen cinyewa.
A maƙogwaro akwai wasu masu niƙa,
Ya kasayar da rairayi fari mai ɗaukar ido, Baba, sai ka gani za ka yi yabawa.
Farin yashin tsibiran Maldif ɗin nan,
Mai yawa daga cikin kifin yake fitowa.

Malama, daga Kafin Hausa:

Yaya, ka wanke kifin aku, na yarda,
Shara yake, sabon murjani na samun wurin tsirowa.
Amma ka tsallake tauraron teku mai ƙaya,
Hannuwansa har 21 suna kaiwa.
Ba shi da haƙori, ba ya tauna komai,
Tumbinsa ta baki yake fitarwa.
Ya shimfiɗa shi a kan murjanin,
Ya narkar da naman, ya yi ta tsotsewa.
In ya gusa, farin ƙashi kawai ya rage,
Wallahi hoton kaɗai na sa ni damuwa.
Babban shingen murjani na Ostireliya,
Kilomita 2,300 yake miƙewa.
Daga 1985 zuwa 2012,
Rabin murjaninsa ya yi ɓacewa.
Kashi 42 cikin 100 na asarar,
A wuyan mai ƙaya aka ɗorawa.

Baba Masunci:

'Yata, ashe farar dango ce ta teku wannan,
Ɗaya ba komai, taro ke cinye shuka da tsakar rana ana kallo ba hanawa.
To, Allah bai yi masa magani ba?
Me ya sa yake ta yawaitawa?

Malamin Firamare:

Ya yi masa, Baba, ƙaton dodon koɗi,
Ya danne shi, ƙayar ba ta hanawa.
Mutane suka kwashe shi don kyan ƙwaryarsa,
A kasuwar ado suke sayarwa.
Macen tauraron, ƙwai miliyoyi,
A shekara guda take zubawa.
Masana na zargin takin gonakin rake,
Da ruwan sama ke kai shi teku yana wankewa.
Abincin 'ya'yan ya yalwata a ruwa,
Waɗanda da yunwa za ta kashe suna rayuwa.

Malama:

Kar a manta ƙaramar ƙaguwa, Yaya,
Cikin rassan murjani take fakewa.
In mai ƙaya ya doso gidanta,
Ta mintsine ƙafafunsa, ya yi juyawa.
Yanzu kuma masu nutso ne da allura,
Ruwan khal suke ɗura masa, ya yi macewa.
Ɗaya bayan ɗaya suke bin su,
Wuni guda a ruwa suna nemowa.

Baba Masunci:

Na san nutso, na san nauyin ruwa a ƙirji,
Aikin nan ba na rago ba ne, ina shaidawa.
Kun ce ƙaya gare shi, tana da dafi?

Malama:

Dafi sosai, Baba, hannu na kumbura, zafin na daɗewa.

Baba Masunci:

To, Allah ya tsare hannun yaran nan,
Ya fito da su lafiya in sun yi gamawa.