Kusurwar robot ɗina tana zamewa, a taimaka

Ɗalibin Lantarki:
Assalamu alaikum. Aikina na kammala karatu robot ne mai taya biyu da zai tsaya da kansa, da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) da MPU6050 (na'urar auna motsi mai ɗauke da jairo, mai auna saurin juyi, da akselaromita, mai auna jan ƙasa da girgiza). Kusurwar karkata ce ta hana ni barci. In na dogara da jairo kaɗai, sai in ajiye allon a kan tebur ban taɓa shi ba, lambar ta yi ta hawa, kafin in shanye shayi ta wuce digiri 20. Akselaromita kuwa a ajiye lafiya lau, amma da injinan taya sun tashi sai lambar ta kama tsalle, robot ɗin ya kife. Saura mako uku in gabatar.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na'urarka ƙalau take, halin jairo ke nan. Saurin juyi yake aunawa, kai kake tarawa ya zama kusurwa, don haka kuskuren rabin digiri a sakan, cikin minti ɗaya ya kai digiri 30. Shi kuwa akselaromita da jan ƙasa yake gane ina ne ƙasa, kuma bai iya raba shi da girgizar inji.

Duk sanda ka kunna, bar shi a ajiye, ɗauki karatu 1000 na jairo, fitar da matsakaicinsu, ka riƙa cire shi daga kowane karatu. Duba kuma ko kana raba ɗanyen karatun jairo da 131 don ya koma digiri a sakan, in ka saita shi kan digiri ±250 a sakan. Sannan haɗa jairo da akselaromita, inda dt shi ne lokacin da ke tsakanin karatu biyu a jere:

kusurwa = 0.98 × (kusurwa + jairo × dt) + 0.02 × kusurwar akselaromita

In kana karantawa sau 100 a sakan, duk motsin da bai kai kamar rabin sakan ba jairo ke riƙe da shi, akselaromita na janyo shi hanya a hankali. Kuma auna dt da micros(), umarnin karanta agogon Arduino, kada ka yi kintace. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa.

Mai Jirgi Mara Matuƙi:
Injiniya ya gama magana. Ƙari ɗaya: kada ka ɗaure allon kai tsaye a jikin ƙarfe. Ni soso na sa a ƙarƙashi, na kunna matatar cikin na'urar, mai tace girgiza daga karatu, a wurin saita ta, wato rijista 0x1A, tsallen ya ragu sosai. Kada dai ka matse ta da yawa, karatun zai riƙa makara. Za a ce maka sai matatar Kalman, wata dabarar haɗa karatu mai lissafi mai wuya. A ganina robot mai kusurwa ɗaya bai buƙatarta. Juyin hagu da dama ne wannan dabarar ba za ta gyara ba, sai da magnetomita (kamfas na lantarki), nan ake komawa ga dabarun haɗa karatu na Mahony ko Madgwick.

Ɗalibin Lantarki:
Allah ya saka da alheri. Ashe dt ɗina na rubuta 0.01, alhali Serial.print, umarnin tura lambobi zuwa kwamfuta, na cinye lokaci. Na gyara, na sa soson, ya tsaya har minti biyu. Yana ɗan rawa gaba da baya, gobe zan zauna kan PID, lissafin da ke daidaita ƙarfin injinan taya.