Gayyatar cin abinci a Gwanzu: wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Watan Oktoba, in Allah ya yarda, zan bi maigidana baje kolin Kanton a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, karona na farko. Dilan da muke sayen kayan waya a hannunsa ya ce zai kai mu wani babban gidan abinci da ake layi a ƙofarsa. Maganar halal ce ta tsaya mini a rai.

Alhaji na Alaba Rago: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka ji kunyar faɗa masa tun kafin ku tashi daga Legas. Zuwana na farko nauyin baki ya hana ni magana, aka kai ni wani katafaren wuri, tebur zagayayye da gilashi mai juyawa a tsakiya, kwanuka sun kai goma. Na ce ba na cin alade, suka kawo ganye da kifi. Sai tafintan ya raɗa mini cewa wani lokaci da kitsen alade ake soya ganyen, kifin kuma ana zuba masa giyar girki. Da farar shinkafa da shayi na tashi, mai masaukina kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai, don kuɗi ya kashe saboda ni. Da na yi magana da wuri, da ba a kai ga haka ba.

Hajiya ta Idi-Araba: Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni a Shiyawbei nake sauka, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa. Ka nemi shagunan taliyar Lanzu na Musulmin ƙabilar Hui, galibi allonsu kore ne. A gabanka mai taliyar zai ja ƙullin da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ya koma siririya kamar zare, ya jefa a tukunya, ya zubo romon naman sa da yaji. Wallahi ranar da na fara sha hankalina ya kwanta.

Malam na Obalande: Ƙanena, ce wa dilan ya kai ku gidan abincin 'yan Shinjiyan, yankin Musulmi a ƙasar Sin. Ba zai ji kunya ba, akwai manya masu kyau. Tsiren ragonsu ya tuna mini da na gida, sai dai babu ƙuli. Abu ɗaya: in an kawo shayi da wani kwano babu komai a ciki, na ɗauraye kofi da tsinken cin abinci ne, al'adar Gwanzu ce.

Ɗan Agege: Na gode, Allah ya saka da alheri. Tsinken nan fa, Hajiya? Ban taɓa riƙewa ba.

Hajiya ta Idi-Araba: Ka nemi cokali, za su ba ka. Kuma ka sa manhajar biyan kuɗi ta Alipay a wayarka tun daga nan, can da waya aka fi biya.