Alƙali zai bi harafin tsarin mulki ne ko manufarsa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jiya da dare a teburin mai shayi muka yi ta musu da ƙanena mai karatun lauya, har shayina ya huce. A kan hukuncin Kotun Ƙoli ne na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ni malamin firamare ne, kun san ta inda albashina yake biyowa, don haka na yi murna. Shi kuwa sai ya zaro waya ya nuna mini sashe na 162 na kundin tsarin mulki: ga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Wai alƙalai sun yi aikin majalisa. To masana, alƙali yana da hurumin tsallake abin da aka rubuta?

Lauyan Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, kuma musun tsoho ne. A Amurka, su marigayi alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia sun tsaya kan cewa a fassara kalma yadda aka fahimce ta lokacin da aka rubuta ta, mai son canji ya je ya yi gyaran kundi. Wasu kuma suka ce kundin 1787 sai ya tafi da zamani. Mu nan, tun shari'ar Nafi'u Rabi'u a 1980, Mai Shari'a Udo Udoma ya karkata ga faɗaɗa fassara. Ni dai tsorona ɗaya: ƙofar da ta yi maka daɗi yau, gobe ta nan za a shigo maka.

Hajiya Barnawa:
Ku yara ba ku ga zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ba, da doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne, aka ce kashi biyu bisa ukunsu 12 ne da sulusi biyu, aka yanka Kano kamar tsire, Shagari ya wuce. Wannan harafi ne ko manufa?

Almajiri:
Ya tuna mini da la'asar ɗin Banu Ƙuraiza, da Annabi (SAW) ya ce kada kowa ya sallace ta sai an isa can. Wasu sahabbai suka yi salla a hanya, wasu suka jira sai da suka isa, kuma ba a zargi kowa ba.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode. Amma Barista, kundin 1999 fa sojoji suka miƙa mana. Nufin wa za mu tono, na Abdulsalami? Hajiya, Allah ya ƙara girma, yau da dare da tsiren nan zan tari yaron.