Sakatare ne, ko ƙaramin minista?

Jama'a, ina neman shawararku. Ina rubuta taƙaitaccen tarihin Harold Wilson, wanda ya zama firaministan Birtaniya a 1964, sai na ci karo da muƙamin da ya riƙe na 'yan watanni a 1947: Secretary for Overseas Trade. Muƙami ne na kula da cinikin Birtaniya da ƙasashen waje. Tun da hantsi nake neman yadda zan fassara shi da Hausa, ina rubutawa ina sokewa.

"Sakatare" bai yi mini ba. Bahaushe in ya ji sakatare, hankalinsa kan mai biro da littafi yake tafiya, wanda ke ɗaukar bayanin taron ƙungiya. Wannan kuwa ɗan siyasa ne, yana cikin gwamnati amma ba ya zama a majalisar zartarwa. Magatakarda ma hakan take.

An ƙirƙiro kujerar a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Arthur Steel-Maitland ne ya fara hawanta. Ma'aikatar harkokin waje da Hukumar Ciniki kowacce na son a ce ita ke riƙe da aikin nemo wa kayan Birtaniya kasuwa a waje, sai aka raba gardama da kafa sashe ɗaya a ƙarƙashinsu su biyu. Mai kujerar ya zama yana da iyayen gida biyu ke nan. A 1946 aka rushe sashen, kujerar kuma ta ci gaba har 1953. Tunda akwai na gaba da shi, "ƙaramin minista" da muka saba ji a rediyo ya zauna daidai.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne kalmar cinikin. Na so "fatauci" ƙwarai, don ita ce tamu ta ainihi ga cinikin nesa, ta ayarin jakuna da madugu ke ja zuwa Gwanja ɗauko goro. Amma yau ka ce fatauci, kafin ka rufe baki wani ya ƙarasa maka da "miyagun ƙwayoyi" ko "mutane". Abin ya yi mini ciwo, amma ba zan jefa mai karatu cikin ruɗu ba.

"Ƙetare" kuwa ta fi "waje" dacewa, tunda Birtaniya tsibiri ce, kusan duk hajar da ta fita sai ta haye ruwa.

Ga abin da na tsayar: Ƙaramin Ministan Cinikin Ƙetare. Kujerar da ta gaji wannan muƙami a 1953 zan kira ta Ƙaramin Ministan Ciniki, kalmar ƙetare ta bambanta su. Wanda ke ganin "kasuwanci" ta fi "ciniki" daɗi a nan, ya kawo hujjarsa kafin in miƙa rubutun ranar Alhamis.