Wuƙa a maƙogwaro a teburin mai mulki: yaya za a fahimci Karin Magana 23?

Ɗalibin Kalma:
Salama gare ku 'yan'uwa. Karin Magana 23:1-3 ta ce in ka zauna cin abinci da mai mulki ka lura sosai, ka sa wuƙa a maƙogwaronka in kai mai zarin ci ne, kada ka yi kwaɗayin kayan daɗinsa domin abincin yaudara ne. Amma a Luka 10:8 Yesu ya ce wa waɗanda ya aika su ci abin da aka sa musu a gaba, Bulus ma ya faɗi kusan haka a 1 Korintiyawa 10:27. To ina mahaɗar? Ta yaya ake rarrabe karamci na gaskiya da tarko?

Malamin Aji:
Ɗan'uwa, fara da aya ta 1. A Ibrananci, abin da aka ce ka lura da shi yana ɗaukar ma'ana biyu: abin da ke gabanka, ko wanda ke gabanka. Shi ya sa fassarori suka sha bamban a wurin. Ni ina ganin duka biyun ake nufi, ka dubi akushi, ka kuma dubi mai akushin.

Batun wuƙa kuwa zafafa magana ne, ba umarnin cutar da kai ba. Lura da inda aka ɗora ta: maƙogwaronka, ba na mai gida ba. Wato ƙofar da haɗarin zai shigo tana jikinka. Wanda bai da kwaɗayi, da wuya a saye shi da gara.

Kada kuma ka tsaya a aya ta 3. Aya ta 6 zuwa 8 ta kawo wani mai gida daban, marowaci, wanda baki ke cewa ci ka sha, zuciya kuwa tana ƙirga lomarka. Ƙarshenta ka amayar da ɗan abin da ka ci, godiyarka ta tafi a banza. Na farko yana ciyar da kai don ya mallake ka, na biyu yana ciyar da kai yana rubuta bashi. Bulus ma bai bar ƙofa a wangale ba: 1 Korintiyawa 10:28 ta ce in wani ya gaya maka abincin hadayar gumaka ne, kada ka ci. Da zarar abinci ya ɗauki wata ma'ana bayan ƙoshi, hukuncinsa ya canza.

Dattijon Ikilisiya:
Malam ya yi bayani. Bari in ƙara da Elisha, don mutum ɗaya ne ya karɓa a wani wuri, ya ƙi a wani.

A 2 Sarakuna 4, matar Shunem mai arziki ta sa aka gina masa ɗaki a kan soro, da gado, tebur, kujera da fitila. Ya karɓa, yana sauka nan in ya biyo ta garin. Da ya sa aka tambaye ta ko a yi mata magana wurin sarki ko shugaban sojoji, ta ce tana zaune cikin mutanenta, ba ta neman kome. A sura ta 5 Na'aman, shugaban sojojin Suriya da ya zo neman warkewa daga kuturta, ya zo da azurfa talanti 10, zinariya shekel 6,000 da tufafi 10. Elisha ya rantse ba zai taɓa ko ɗaya ba, don kada Na'aman ya koma Suriya da tunanin ya biya kuɗin warkarwa. Gehazi, baran Elisha, ya bi Na'aman da ƙarya, ya roƙi talanti 1, aka ba shi 2, ya gaji kuturtar.

Daga nan tambayoyin da za ka yi wa kanka. Akwai wata maganar mai gidan da ke hannunka, hukunci, shaida, sa hannu ko wa'azi? In akwai, Fitowa 23:8 ta riga ta yanke: toshiya tana makantar da masu gani. Kyautar ta zo kafin maganarka ko bayanta? Daniyel ya ce wa Sarki Belshazzar ya riƙe kyautarsa tun bai karanta rubutun bango ba (5:17), don kada lada ya lanƙwasa fassara. Ta fi ƙarfin abin da za ka iya ramawa? Ibrahim ya ƙi ko da zare ko igiyar takalmi daga sarkin Saduma, kada ya ce shi ya arzuta shi (Farawa 14:23). Babbar ita ce: bayan ka ci, za ka iya kallon idonsa ka ce a'a? Baki in ya ci, ido ne ke jin kunya.

Mai Bishara:
Baba, a yi mini izini in ja kunne ta wani ɓangare. Mutane na tsaron teburin manya su manta da na abokin hidima. Annabin nan na Yahuza a 1 Sarakuna 13 ya ce wa Sarki Yerobowam ko rabin gidansa zai ba shi ba zai ci ba, domin Allah ya umarce shi kada ya ci ko ya sha a wurin. Amma da tsohon annabin Betel ya ce mala'ika ne ya aiko shi, sai ya bi shi ya ci, zaki ya kashe shi a hanya. Ya tsallake fada, ya faɗi a gidan ɗan'uwa, domin ya bar umarnin da ya ji da kunnensa ya kama wanda aka kawo masa.

Duk da haka kada a mai da wannan zargin kowa. Ibraniyawa 13:2 ta ce kada a manta da karɓar baƙi, Yesu kuma ya ci abinci a gidajen Farisiyawa. Sai dai a Luka 7 da 14, yana kan teburinsu ya faɗa musu gaskiya.

Ɗalibin Kalma:
Na gode ƙwarai. To in mutum ya ga ya kamata ya ƙi, yaya zai yi ba tare da ya ci fuskar mai gida ba?

Malamin Aji:
Bi sawun Daniyel sura ta 1. A fadar sarkin Babila, ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba tun kafin a kawo abinci (aya 8), don shawarar da aka yanke a gaban ƙamshi ba ta da ƙarfi. Bai ƙi kome da kome ba: ya karɓi karatun shekara 3 da sabon suna, abincin sarki da ruwan inabinsa kaɗai ya ware. Roƙo ya yi, bai yi gardama ba. Da shugaban fadawa ya ce yana tsoron rasa kansa a hannun sarki, Daniyel bai matsa masa ba, ya koma wurin mai kula da shi da abokansa ya kawo mafita mai iyaka: kayan lambu da ruwa kwana 10, sannan a gwada fuskokinsu da na sauran.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ci sau biyu ko uku, sannan a ƙi ranar da buƙata ta fito fili. A lokacin mai gida zai ɗauke shi butulci. Ka gode wa gayyatar, ka faɗi dalilinka a taƙaice a keɓe, in kuma akwai maganarsa a hannunka ka ce a ɗage zaman sai an kammala ta.